Amsa ga Yaya kan maganin da za a ba Goggo

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na ji saƙonki, kin ce likita ya ce tunda an cire wa Goggo kansar nan ta maƙogwaro, saura a ba ta “maganin nukiliya” a killace ta, hankalin kowa ya tashi. To don Allah a kwantar da hankali, bari in yi bayani.

Wannan ba kemo ba ne, wato maganin kansar nan da ake ƙarawa ta jijiya, ba kuma gashin nan da ake yi da na'ura ba. Aidin ne, irin wanda ke cikin gishirinmu, sai dai shi yana fitar da radiyeshan, wato wani haske mai ƙuna da ido ba ya gani, ana ce masa aidin 131. Ƙwaya ce za ta haɗiya da ruwa, shi ke nan. Abin da aka cire mata, tayirod, wato wata 'yar tsoka a gaban wuya inda kansar ta kama, a duk jiki shi ne mai kwaɗayin aidin. To duk ɓurɓushin da wuƙa ta bari, ko wanda ya gudu wani wuri, zai zuƙe maganin da kansa, maganin ya ƙone shi daga ciki. Ƙunar ma ba ta wuce milimita ɗaya zuwa biyu. Bayan 'yan kwanaki a ɗauki hotonta, duk inda maganin ya taru sai ya haska, a ga inda ciwon ya laɓe. Kuma ba gwaji za a yi da ita ba, tun 1941 aka fara ba masu ciwon tayirod shi a Boston ta Amurka.

Killacewar kuwa ba don ita ba ce, don mu ce, kada radiyeshan ɗin da ke fita daga jikinta ya taɓa mu. Ƙarfin maganin yana raguwa da rabi duk kwana 8, amma yawancinsa fitsari ke fitar da shi a kwanakin farko, kaɗan ta miyau da zufa. Saboda haka ta sha ruwa sosai, a ware mata kofi da kwano da buta, bayi ma in da hali, ta riƙa kora ruwa sau biyu. Jikoki kada su hau cinyarta ko su kwana a ɗakinta sai ranar da likita ya ce. Na san wannan ne zai fi mata ciwo, kun san Goggo da jikoki. Amarya kuma da ke da juna biyu, ta yi nisa gaba ɗaya. Masu zuwa dubiya a ba su haƙuri, su gaishe ta ta waya.

Sai abinci. Kamar mako ɗaya zuwa biyu kafin ranar za a hana ta gishiri mai aidin, da magi, kifin teku, madara da gwaiduwar ƙwai, don ƙwayoyin ciwon su ji yunwar aidin su kama maganin da kyau. Kada wata ta ji tausayinta ta sako mata magi a ɓoye, wallahi aikin za ki ɓata.

Bakinta na iya bushewa, ko gefen kunne ya ɗan kumbura, ta faɗa wa likita. Yaya ki turo min hoton takardar asibitin in ga adadin maganin da suka rubuta, bayan Isha'i zan kira Goggo da kaina.