Taimaka wa mutanen unguwa rajistar zaɓe a Gusau

Malama, kin tambayi yadda ƙungiyarku za ta taimaka. Rajistar kanta aikin jami'an hukumar zaɓe ta INEC ne, naku tantance wanda ke buƙatar sabuwar rajista tun daga gida. Wanda ya cika shekara 18 kuma bai taɓa yi ba shi kaɗai zai yi sabuwa, kuma dole ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa.

Matsalar tana wajen wanda ya baro Zurmi ko Maru ya dawo Gusau, ko wanda katin zaɓensa ya ɓata, sai ka ga ya sake sabuwa. Na'ura na gano rajista biyu, kuma laifi ne a doka. Wanda ya sauya gari sauyin rumfar zaɓe zai nema, wanda katinsa ya ɓata kuma madadin kati. Karɓar kati kuwa ba aike, sai mai shi.