Tsakanin Classic da Custom, Wane Dragstar Zan Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne mazaunin Samaru, kuma na daɗe ina tara kuɗi domin in mallaki babban babur irin mai kujera ƙasa-ƙasa da ake hawa a kishingiɗe. Wani dillali ya nuna mini guda biyu 'yan Beljiyam, dukansu Yamaha Dragstar 650, ɗaya Classic ɗaya Custom, kuma Classic ɗin ya fi tsada. Kullum zirga-zirgata tsakanin Samaru da Sabon Gari ce, ranar Juma'a in shiga cikin birni gaishe da iyaye, wani lokaci in je Kaduna, kuma nakan ɗauki maiɗakina. Ba ni da tsawo sosai, kuma Boxer kaɗai na saba hawa. Wanne ya fi dacewa da ni? Daga wani mai karatu, Samaru, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa ka hau lafiya. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, babu bambancin inji tsakanin waɗannan babura biyu, domin kamfanin Yamaha ya ɗora su ne a kan inji guda mai silinda biyu da ke tsaye kamar harafin V, mai girman cc 649 da ƙarfin doki kimanin 40, wanda iska ke sanyaya shi ba lagireto ba. Dukansu giya biyar gare su, tankinsu na cin lita 16, kuma da kafireto suke aiki. A Turai ana kiransa Dragstar, a Amurka kuma V-Star, saboda haka idan ka ga wannan suna na biyu a jikin kayan gyara kada ya rikita ka. Custom ya fara fitowa a 1997, Classic ya biyo bayansa a 1998. Duk dillalin da ya ce maka ɗaya ya fi ɗaya gudu ko ƙarfin inji, kayansa kawai yake son ya sayar.

Bambancin yana ga jiki. Classic yana da ƙatuwar tayar gaba mai faɗi ta inci 16, da manyan madigadi masu rufe taya sosai, da kujera mai faɗi, shi ya sa yake cika ido idan an ajiye shi. Custom kuwa siririyar tayar gaba gare shi ta inci 19, madigadinsa gajere ne, kujerarsa ta ɗan fi kusa da ƙasa, kuma ya fi sauƙin nauyi da kilo goma da wani abu. Sai dai kada kalmar sauƙi ta ruɗe ka, domin kowanensu ya haura kilo 200, wato kusan ninki biyu na Boxer ɗin da ka saba da shi, kuma wannan nauyi ba a jin sa a kan babban titi, sai an zo wurin da dole a tafi a hankali.

A nan ne hanyoyin da ka lissafa suka yanke mini hukunci. Wanda zai ratsa Kwangila da safe, ya kutsa cikin cunkoson PZ da Kasuwar Sabon Gari tsakanin 'yan adaidaita sahu da masu tura baro, sannan ranar Juma'a ya shiga ta Ƙofar Doka ya bi lungunan cikin birni inda wani lokaci sai an sa ƙafa an ja babur baya kafin a juya shi, to yana bukatar abin da zai iya tokarewa da tafin ƙafa biyu a ƙasa ba da kan yatsu ba. Siririyar tayar Custom ta fi saurin amsa hannu a irin wannan tafiya, kuma tsawonta na taimaka mata wajen haye rami ba tare da ta nutse a ciki ba, alhali faffaɗar tayar Classic takan sa kan babur ya yi nauyi idan ana tafiyar hawainiya. Tun da ka ce ba ka da tsawo, kuma yanzu ne za ka fara hawa babban babur, ni Custom nake ba ka shawara ka ɗauka.

Ba na musun cewa Classic yana da nasa fifikon. A hanyar Kaduna, mai nisan kimanin kilomita 80, ya fi zama daram kuma kujerarsa ba ta saurin gajiyar da mutum, sannan da damina madigadinsa na kare tufafi daga taɓo. Wurin zaman fasinja ma ya fi na Custom yalwa, abin da ya shafi maiɗakinka kai tsaye. Amma tafiyar Kaduna jefi-jefi ce, ta cikin gari kuwa ta kullum ce, kuma matsalar kujera ana magance ta da kuɗi kaɗan, domin masu ɗinkin kujerar mota za su iya ƙara mata soso da faɗi, a kuma ɗaura majingina a baya. Ko wanne ka saya, ka tuna cewa salansa biyun suna gefen dama ne kuma suna yin zafin da ke ƙona ƙafa nan take, sannan ka tabbata ta tattare hijabinta da zanenta, kai ma ka naɗe rigarka, don kada su faɗa cikin wayoyin tayar baya.

Akwai abin da ya fi zaɓin suna muhimmanci, kuma ina so ka ba shi hankalinka sosai. An daina ƙera waɗannan babura, don haka duk wanda ka gani ya kwana biyu a duniya, kuma lafiyayyen Classic ya fi Custom mai ciwo nesa ba kusa ba. Dragstar ba ya amfani da sarƙa, wani sandan ƙarfe ne yake kai ƙarfin inji zuwa tayar baya. Wannan alheri ne a garin da ƙurar hunturu ke cinye sarƙa, amma haƙoran da ke haɗa sandan da giyar baya suna bukatar giris, kuma idan mai shi na farko ya yi sakaci sukan cinye har babur ya kasa motsi alhali inji na aiki. Gyaran nan yana da tsada, kayansa kuma ba a samun su a kowane shago. Ka tafi da bakanike wanda ya taɓa aikin manyan babura, ba yaron dillali ba, ka biya shi ya cire tayar baya ya duba haƙoran da idonsa, ya kuma duba man giyar baya ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Idan dillalin ya hana a buɗe, ka bar masa kayansa.

Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka ji yana da sanyi kafin a tayar da shi, saboda injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye laifinsa. Idan ya ƙi tsayawa sai an bar masa cok, yawanci ƙananan ramukan kafireto ne suka toshe saboda daɗewa a ajiye, kuma wannan wanki ne kawai, sai dai ya zama dalilin neman ragi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa kuwa alama ce ta cewa yana shan baƙin mai. Ka leƙa cikin tanki da tocila ko ya yi tsatsa, ka kuma karanta lambobi huɗu da ke gefen taya, waɗanda biyun farko ke nuna mako biyun ƙarshe kuma shekarar da aka yi ta, domin tayar baya mai lamba 170/80-15 ba irin wadda ake tsinta a bakin hanya ba ce, sai an yi odarta. Daɗin abin dai, tayoyin masu tub ne, kowane mai faci zai iya taimakonka.

Bayan ka saya, ka kula da abu biyu. Tsakanin cikinsa da ƙasa bai wuce kimanin santimita 14 ba, don haka ka riƙa haye tudun rage gudu a hankali, musamman idan ku biyu ne. Sannan injin da iska ke sanyayawa yana wahala a zafin Maris da Afrilu idan aka daɗe tsaye cikin cunkoso, saboda haka ka riƙa juye baƙin mai a kan lokaci, ka kuma guji man 'yan bumburutu gwargwadon iko.

Kada ka biya ko kwabo sai ka ga takardun kwastan, ka gwada lambar da ke cikinsu da wadda aka buga a wuyan babur ɗin, sannan ka yi rajista, ka nemi lasisin babur da hular kwano guda biyu. Ka yi 'yan makonni kana koyon juya shi da taka birki kai kaɗai a fili marar cunkoso kafin ka fara ɗaukar maiɗakinka.