Filin Tambaya da Amsa: Guga, Igiya da Dokar Niyuton

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe na lise, bana zan zauna jarrabawar bak. Mushe ya ba mu lissafi: guga cike da ruwa, kilo 12, ana jawo shi daga rijiya, gudunsa na ƙaruwa da 0,5 m/s². A nemo T, wato ƙarfin jan igiyar. Na rubuta T daidai yake da nauyin gugan, tunda igiyar ce ke ɗauke da shi, sai ya soke da jan biro. Ina kuskurena? Kuma in abu biyu ne rataye a kan puli, ta ina ake farawa?
Wata ɗaliba, unguwar Birni, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Da gugan tsaye yake cak, ko yana hawa da gudu ɗaya ba ƙari ba ragi, da kin ci. Amma an ce miki gudunsa na ƙaruwa, nan kika zame.

Fara da zane. Ki ware gugan shi kaɗai, ki manta da mai ja da bakin rijiya. Abu biyu ne ke aiki a kansa: ƙasa na jan sa da nauyinsa, P = mg (m yawan kilonsa ne, g kuwa jan da ƙasa ke yi, 9,8 m/s²), igiya na jan sa sama da T. Doka ta biyu cikin dokokin da Niyuton ya wallafa a 1687 ta ce abin da ya rage bayan an tara ƙarfin duka shi ne m × a, a taƙaice ma, inda a ke nufin yadda gudu ke sauyawa. Ɗauki sama a matsayin ɓangaren ƙari: T − P = ma. P = 12 × 9,8 = 117,6 N (N shi ne niyuton, ma'aunin ƙarfi), ma kuwa 12 × 0,5 = 6 N. Ke nan T = 123,6 N. Wannan shidan shi ne ladan ƙara wa guga gudu. Ki lura, kilo 12 ɗin m ne. P da niyuton ake auna shi, kuma ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki.

Ga inda tarkon yake. Gugan ya kusa bakin rijiya, mai ja ya sassauta hannu, gudun na raguwa da 0,5 m/s². Har yanzu sama yake tafiya, amma a ya juya ƙasa, sai T ya koma 117,6 − 6 = 111,6 N, ƙasa da nauyin. Alamar a ba ta bin inda abu ya nufa, sauyin gudunsa take bi. In an fizgi igiya kuwa, a yakan yi girma farat ɗaya, T ya bi shi. Shi ya sa tsohuwar igiya ta fi tsinkewa a wurin fizga.

Puli, gargaren da igiya ke bi ta kansa, ba sabon karatu ba ne. Na'urar Atwud ke nan, ta 1784: abu biyu rataye da igiya ɗaya a kan puli. A ce dutse mai kilo 3 a gefe guda, mai kilo 2 a ɗayan. Kowane da zanensa, kowane da layinsa. Babban zai sauka: 29,4 − T = 3a. Ƙaramin zai hau: T − 19,6 = 2a. Haɗa layukan biyu, T ya fita: 9,8 = 5a, a = 1,96 m/s². Mayar da shi layi na biyu, T = 23,52 N. Kafin ki miƙa takarda, duba: dole T ya faɗo tsakanin 19,6 da 29,4. In ya fita daga nan, alama ce kika juya a wani wuri.

T ɗaya da a ɗaya muka sa wa ɓangarorin biyu saboda a littafi igiya ba ta da nauyi, ba ta miƙewa, puli ma ba shi da nauyi kuma ba ya cijewa. Ki rubuta waɗannan sharuɗɗan a takardarki, masu gyara suna son ganinsu. A rijiya ta gaske mai zurfi, jiƙaƙƙiyar igiya nauyi gare ta, don haka jan da ke hannun mai ɗiba ya fi wanda ke wuyan guga, kuma yana raguwa gwargwadon igiyar da ta fito waje.