Wace Kalmar Turanci Ta Dace da Mai Son Mayar da Kaya?

Tambaya: Ina da shagon kayan sola a kasuwar Sabon Gari, Zariya. Na yi odar batura 12 daga wani kamfani a Legas, sai 3 suka iso a fashe. Kamfanin ya ce in riƙe su a rage mini kuɗi, ni kuwa ban amince ba. A wasiƙar da zan aika musu da Turanci, "refuse" zan rubuta, ko "reject", ko "decline"?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ka yi daidai da ba ka karɓi ragin ba, domin batirin da ya fashe yana iya zubar da ruwansa mai ƙuna, kuma ba kayan da za ka miƙa wa abokin ciniki ba ne.

Abubuwa biyu kake son ƙi, kowanne kuwa da kalmarsa. Ga baturan, "reject" ce ta dace. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta jefa abu baya, kuma ana amfani da ita ne idan an duba kaya an ga ba su kai yadda aka yi yarjejeniya ba. Sai ka rubuta: "We reject the 3 damaged batteries." Ka lura cewa suna ne yake bin ta kai tsaye, saboda haka kuskure ne a ce "reject to pay", ko da yake ina yawan cin karo da hakan a wasiƙun 'yan kasuwarmu.

Shi kuwa tayin ragi, "decline" ce tasa, domin ita ce kalmar ƙin tayi ko gayyata cikin mutunci, kamar yadda Bahaushe zai ce "na gode, amma a yi mini haƙuri". Ka rubuta: "We must decline your offer of a discount." Da wannan za ka ƙi tayin ba tare da ka ɓata hulɗarku ba.

"Refuse" ta fi su kaushi, tana nuna mutum ya kafe ne, kamar a "we refuse to pay". Ka ajiye ta sai in magana ta yi tsami.

Kada ka yi jinkirin aika wasiƙar, domin wanda ya riƙe kaya lokaci mai tsawo bai ce uffan ba, doka na iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya karɓe su. Ka haɗa da hotunan baturan da lambar rasit, sannan ka faɗa musu a fili ko canji kake so ko kuɗinka.