Amsa ga ƙanwata ta Kano: dalilin da ya sa muke cika tukunya a Kumasi

Ƙanwata, na gode da kika tambaye ni kai tsaye, ba ki bar maganar ta tsaya a bayan idona ba. Abu biyu kika ce sun ɗaure miki kai tun da kika koma gida daga bikin 'yata. Na farko yawan girki: dangin da a lissafinki ba su wuce mutum 60 ba, amma tukwane jere a kan murhu tun daga ƙofar gida har bakin layi. Na biyu, kin ga samari suna kirɓa fufu a tsakar gidan Bahaushe ranar ɗaurin aure, kika ce anya kuwa akwai sauran Hausanci a jikinmu. Ta biyun ta ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Amma bari in fara da ta farko.

Mutum 60 ɗin nan su ne waɗanda kika san fuskarsu. A Aboabo, unguwarmu a nan Kumasi, ba a gayyatar mutum cin abinci, jin labari shi ne gayyata. Ƙanwar miji za ta zo da kishiyarta da 'yar riƙonta, kawu zai taho da abokin da suka haɗu a masallaci, ɗan Tamale da aka ce shi kaɗai ne zai sauko daga mota da mutum uku. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da olonka take awo, wato gwangwanin da muke auna hatsi da shi kamar yadda kuke yi da tiya. Idan ta gama auna na waɗanda aka sani, sai ta ƙara rabin abin da ta auna, ta ce na masu biyo sawu ne. Bayan wannan ta ware na kwanuka.

Kwanukan nan ne ba ki gani ba, don lokacin kina ɗakin amarya. Duk gidan da ya aiko da itace, ko kwandon albasa, ko mace ɗaya ta zo ta kama muciya tun asuba, yana da kwanonsa, kuma kafin a zuba wa na cikin gida ake fitar da shi. Layinmu akwai Mosawa, Dagwamba, Kotokoli, Zabarmawa da Yarabawa, duk da Hausa muke gaisawa, duk kuma sun san ranar da aka tsallake ƙofarsu. Tsohuwar da ba ta iya fita tana da nata. Malamin makarantar yara yana da nasa. Da kin leƙa bayan gida washegari da hantsi, da kin tarar an ɗumama sauran tuwon an karya da shi, ƙanzon ma yara sun kankare. Ban taɓa ganin an zubar da abincin biki a kwata a gidanmu ba, shi ya sa kalmar almubazzaranci da kika yi amfani da ita ban karɓe ta ba.

Kin kawo mini hadisin da ke cewa abincin mutum ɗaya ya ishi biyu, na biyu ya ishi huɗu, na huɗu ya ishi takwas. Gaskiya ne, mu ma da shi aka rene mu. Amma yadda malamanmu suka karantar da mu, magana ce ga wanda baƙo ya faɗo masa bagatatan, kada ya ɓoye ɗan abin da ke gabansa. Ba hujja ba ce ga wadda ta san dangi na tafe tun wata guda, ta kuma tsuke hannu a wurin cefane.

Ki tuna kuma su wane ne suka kafa zango. Fataken goro ne da ke tasowa daga Kano da Katsina da jakuna zuwa Gwanja, su sauka a Salaga. Da yaƙin cikin gida ya tarwatsa Salaga a 1892, kasuwa ta watsu, mutane suka yi ta gangarowa kudu, har Kumasi ta zama matattara bayan Turawan Ingila sun kama ta. Wanda ya riga zuwa ya gina gida mai ɗakuna da yawa, ya zama maigida. Baƙon fatake ya sauka wurinsa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi bashi, ya karɓi la'adarsa. Abinci kuwa a kan maigida yake, safe da dare, komai daɗewar baƙon. Kakanmu na wajen uwa irin wannan gidan ya riƙe. Mahaifiyata ta ce ba ta taɓa sanin yawan mutanen da za su ci tuwon dare a gidan ubanta ba sai an idar da sallar magariba an ga waɗanda suka zauna a zaure. Maigidan da baƙonsa ya kwana da yunwa, labarin zai riga shi isa Kano, kuma baɗi ba wanda zai sauke kaya a ƙofarsa. Ku a can kuna da gari, da unguwa, da asalin da kowa ya sani. Kakanninmu a nan ba su da gona, ba su da ƙasa, sunan da suka yi a wurin saukar baƙi shi ne jarinsu. Cinikin goro ya ja baya, hannun matan gidan bai koma ƙaramin awo ba.

Sannan akwai 1983, wadda duk ɗan Gana mai shekaruna ba ya son a tuna masa. Ruwa ya ƙi sauka, gobarar daji ta cinye gonaki, a watan Janairu kuma gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida a lokacin da babu abin da za a ba su. Mutane na bin layi su sayi dokunu, wato ƙullin masara da ake naɗewa a ɓawo ko ganye a dafa, ɗanye tun bai shiga tukunya ba, su je gida su dafa da kansu, don in ka jira ya nuna ba za ka samu ba. Da masarar agaji mai ruwan ɗorawa muka rayu. Ina yarinya lokacin. Wasu 'yan'uwan babanmu sun dawo daga Legas da jakunkunan nan masu ratsi, suka sauka a gidanmu, babu wanda ya ce musu ɗaki ya cika. Abin da ba ya fita daga raina shi ne daren da mahaifiyata ta kwashe tuwo, ta ƙirga malmala, ta sake ƙirgawa, sannan ta mayar da nata cikin kwanon baƙi, ta ce mana ita ta ci a wurin tuƙi. Babu abin da ta ci. Tun daga shekarar nan har ta koma ga Allah, in ta ga gindin tukunya tun baƙi ba su tashi ba, jikinta rawa yake. Ni ma na gaji wannan, 'yata ma na ga ta fara.

Yanzu maganar fufu. Tsofaffin nan da kika gani a ƙarƙashin rumfa, maza da zane saɓe a kafaɗa, ba maƙwabta ba ne, dangina ne. Kakata ta wajen uwa Batoniya ce, daga wani ƙauye kusa da Ofinso inda kakanmu ke zuwa sayen goro. Ta musulunta, ta yi zaman aure a zango fiye da shekara 50, da Hausa ta yi wa jikokinta tatsuniya. Tonawa, mutanen Asante ke nan, ta wajen uwa suke bin dangi. A lissafinsu mahaifiyata tasu ce, ni tasu ce, amaryar da aka ɗaura wa aure ma 'yarsu ce, kamar yadda a lissafinmu Bahaushiya ce 'yar Bahaushe. Ba mu taɓa jin wannan ya rage mu da komai ba. Gida biyu maganin gobara, kuma mun ga gobarar da idonmu.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia, firaministan Gana na lokacin, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zango ya rikice. Mutanen da aka haifa a nan, ba su san hanyar ko'ina ba, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci. A cikinsu akwai kakanki, wato ƙanen kakana, da Kawu mahaifinki, wanda a gidan nan aka yanke masa cibi. Kakana bai tafi ba don yayyen matarsa sun taso daga ƙauye sun tsaya masa, suka ɗauke shi da iyalinsa zuwa gonar koko har ƙura ta lafa, suna ciyar da su. Jikokin waɗannan mutanen ne kika gani a rumfa. To yaya za su zo auren 'yarsu in ajiye musu abin da in sun ci za su koma gida su ce ba su ci komai ba? Batone in bai haɗiyi fufu ba, a wurinsa ranar bai ci abinci ba, ko da ya cinye tiren shinkafa. Shi ya sa tun azahar ake dafa rogo da agada, saurayi ya tsaya da doguwar taɓarya, mace ta zauna gefen turmi tana juyawa da jiƙaƙƙen hannu tsakanin bugu da bugu, a haɗa da miyar kwakwar manja da naman akuya. Babban kawuna na can, wanda ya haura 80, da aka kai masa ruwa ya sha, ya wanke hannu, ya ci ya side kwano, sai ya kira amarya ya dafa kanta ya sa mata albarka da Tonanci. Ni wannan ya biya ni kuɗin rogon.

Su ma suna yi mana. In mun je ta'aziyya ƙauyensu, kaza ko tunkiya ake kawo mana da rai mu yanka da kanmu, a ware mana sabuwar tukunya, a kawar da kwalabe daga inda za mu zauna, a nuna mana wurin salla. Ba wanda ya rubuta wannan, kowa dai ya san abin da ɗan'uwansa ba ya taɓawa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda turmi ɗaya ya tsone miki ido, sauran tukwanen ba ki ambace su ba. Da safe koko da ƙosai aka sha, da masa da funkaso. Da rana wake da shinkafa ne, wanda muke dafawa da karan dafi da 'yar kanwa har ya yi ja, a sa masa shito, wato soyayyen barkononmu, da gari da taliya da ganda. Duk faɗin ƙasar nan, daga Akara har Bolga, da shi ake karyawa, kowa kuma ya san daga zango ya fito. Da dare tuwon zafi ne da miyar ayoyo, wato lalo, da ta kuka, daddawa tana tashi. E, tuwonmu ya fi naku laushi don muna haɗa garin masara da na rogo, gero da dawa ba sa yi a ƙasar kurmi. Fura, lamurje da zoɓo kuwa ke da kanki kika ce a ƙaro miki. Idan Bakano ya ci gurasa da taliya da dambun shinkafa bai fita daga Hausawa ba, ban ga yadda rogo zai fitar da mu ba.

Na san Hausarmu tana ba ku dariya. Yaranmu kan ce wa mace "ya zo", harshensu ba ya kama wasu haruffan, suna cusa Tonanci da Turanci a tsakiya. Na ji lokacin da wata daga cikin 'yan rakiyarki ta ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, ta kuma ture kwanon da aka kai mata tun ba ta buɗe ba, ta ce ita ba ta cin abincin Gana. Yarinyar da ta kai mata kwanon tun ƙarfe 4 na asuba take gaban wuta, kuma ta dawo madafa tana share hawaye. Ba dole ne mutum ya ci abin da ransa bai so ba, amma a yadda aka koya mana, kuma daga can aka zo da koyarwar, baƙo kan buɗe ya ɗan taɓa, ya ce an gode, Allah ya ƙara buɗi. A nan ana kiranmu 'yan zango, baƙi, ko da kakan mutum a Kumasi aka binne shi. In muka je Kano a ce ga 'yan Gana sun iso. Ta wajen masu ƙasa mun saba, mun san yadda muke zama da su. Ta wajenku ce ke yi mana ciwo.

Ban ce babu wahala ba. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin 100. Albasarmu yawanci daga Nijar take zuwa, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023 sai da buhu ya gagari mutane. Tumatir daga Burkina, shanu daga arewa, komai sai ya sha hanya kafin ya iso tukunya. Ba wadda ke iya ɗaukar girkin biki ita kaɗai, da adashi da gudummawar mata ake yi, kowa na riƙe da littafin abin da aka kawo mata don ta rama. Yaran yanzu sun fara cewa a ba 'yan kwangila su dafa, a zuba a robobi ɗaya bisa ɗaya, a ba kowa nasa. Na je sunan da aka yi haka, robobi suka ƙare, gwaggon maijego da ta taso tun daga Yendi ta zauna hannu rabbana, aka rasa ko ƙanzon da za a kankaro mata don ba tukunya a gidan. A gidana dai, in Allah ya ba ni rai da lafiya, auren ƙaramar ma a murhu za a yi shi.

Ki gaishe mini da Kawu da kyau. Ki tambaye shi waye ke kirɓa wa kakata fufu kafin 1969, zai ba ki labari da bakinsa. In kuma za ki zo da babbar salla kamar yadda kika ce, ki taho mini da kuka da busasshiyar kuɓewa, da daddawar kalwa ta Kano, tamu ta nan ba ta kai ta ƙamshi ba.