Tambaya da Amsa: An ce in nemi lambar yabo, ni kuwa kunya nake ji

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Shekarata bakwai a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Bana an fito da tsarin karrama ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba ne kuma ba nas-nas ba. Shugabar sashenmu ta ce in cike takarda ta tura sunana, saboda ni na kawo tsarin rubuta suna a kwalbar jini tun a gaban mara lafiya. Kunya nake ji, gani nake kamar yabon kai ne. Abokan aiki kuma sun ce allon yabo da ake ratayewa a bango ba ya ƙara albashi. In cike ko in bari?
Wani mai karatu

AMSA: Ɗana, ka cike.

A ɗakin ɗaukar hoto na asibiti na yi aiki har na yi ritaya, don haka na san inda ke maka ƙaiƙayi. Mara lafiya ya warke, ya riƙe hannun likita yana godiya, kai da ka gano ƙwayar cutar kana bayan ƙofa, ko fuskarka bai taɓa gani ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ban ga laifin likita ba, shi ake gani. Amma abin da ba a rubuta ba, mantawa ake yi da shi.

Bari in ba ka labarin Vivien Thomas, wani baƙar fata a Amurka wanda bai samu damar karatun likita ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne a ƙarƙashin Dakta Alfred Blalock. Shi ya yi ta gwada wata dabarar tiyatar zuciya a jikin karnuka har ta zauna, don ceto jariran da ake haifa jininsu ba ya samun isasshiyar iska. Ranar da aka fara yi wa jaririya wannan tiyata a asibitin Johns Hopkins, a watan Nuwamban 1944, Thomas na tsaye kan ɗan benci a bayan Blalock yana gaya masa yadda zai yi. Da aka buga rahoton aikin a 1945, babu sunansa. Sai a 1976 jami'ar Johns Hopkins ta ba shi digirin girmamawa, bayan shekara 32. Kullum na tuna wannan benci sai raina ya sosu.

Ga kuma June Almeida, 'yar Sikotilan, wadda ta bar makaranta tana da shekara 16 ta kama aiki a ɗakin gwaji a Gilasgo. Ita ta fara ɗauko hoton ƙwayar korona mai kama ɗan Adam, a tsakiyar shekarun 1960. Ta rasu a 2007, yawancin duniya kuwa ba ta ji sunanta ba sai da annoba ta zo a 2020.

Don toshe wannan giɓi ake ware wa irinku lambobin yabo. A Ingila, hukumar lafiya ta lissafa sana'o'i 14 na masu dafa wa likitoci, ciki har da masu gashin ƙashi, masu ɗaukar hoto, masu koyar da magana, masana abinci da masu ƙera hannu da ƙafar roba, ana kuma bikinsu ranar 14 ga Oktoba. Ku masu gwaji kuna da ranarku ta duniya, 15 ga Afrilu. Tamu 8 ga Nuwamba ce, ranar da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da muke ɗaukar hoton ƙashi da shi a 1895.

Abokan aikinka ba su yi ƙarya ba. Allo ba ya biyan kuɗin haya, kuma na ga inda aka raba lambobi da tafi da hotuna, washegari aka koma ga injin da ya lalace da ƙarancin ma'aikata. In ka ga karramawar da sai ka biya kuɗi kafin a sa sunanka, ko wadda yawan ƙuri'a a intanet ke yanke hukuncinta, ka ja da baya. Amma wadda ƙwararru za su zauna su duba aiki, tana da amfani ko da babu ko sisi a cikinta. Tsarinka zai fita daga sashenku, wani asibiti ya ji ya kwaikwaya. Kwalbar da aka musanya kuwa, kai ka fi ni sanin abin da take jawowa: a ƙara wa mutum jinin da ba irin nasa ba, ko a ce lafiyayye ne ke da cutar da aka gano a jinin wani.

Maganar kunya kuma, maganinta yana cikin yadda za ka rubuta. Na taɓa zama a kwamitin tantancewa na asibitinmu, takardun da suka fara faɗuwa su ne masu cewa wane haziƙi ne, mai ƙwazo, mai haƙuri da jama'a. Duk wanda aka turo haka ake cewa a kansa. Kai kada ka siffanta kanka ko da kalma ɗaya. Faɗi yadda abin yake kafin ka sa hannu, abin da ka canza, da abin da ya biyo baya. Kuna da littafin da kuke rubuta kwalaben da aka mayar saboda kuskuren suna: ƙirga na wata shida kafin tsarin da na wata shida bayansa, ka sa lambobin yadda suke, kada ka ƙara gishiri. In akwai ɗakin kwanciyar da tsarin ya ƙi karɓuwa, ka faɗa, alƙalai sun fi yarda da mai faɗin inda ya yi tuntuɓe. Sunan mara lafiya ko lambar katinsa kada su shiga.

Sannan ka rubuta sunayen nas-nas da masu ɗibar jinin da suka yarda suka sauya yadda suka saba aiki. In dokar gasar ta ba da dama, ka roƙi shugabarku ta tura ku a matsayin tawaga. Ka kai mata takardar da wuri, ta samu lokacin karantawa kafin ranar rufewa.