Akwai ɗan Afirka da ya taɓa buga MLB kuwa?

Malam, ka tambaya ko wani haifaffen Afirka ya taɓa kaiwa babban lig ɗin besbol na Amurka, wato MLB, eh akwai, Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu, shi ne na farko. A wani ɗan ɗaki na kulob ɗin Randburg Mets ya tashi, inda mahaifiyarsa take aiki, filin wasa kusan tsakar gidansu ne. Pittsburgh Pirates suka saye shi a 2008, amma sai da ya shafe shekara kusan 9 yana fama a ƙananan lig kafin su kira shi sama, ranar 26 ga Afrilu 2017, a wasa da Chicago Cubs, kuma bugunsa na farko ya samu shiga a hannun Jon Lester, mai jefa ƙwallo na Cubs, wallahi ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan tsaron cikin fili ne, hannunsa a cafe ƙwallo ba magana, matsalarsa dai sanda, bai iya dukan ƙwallo sosai ba, shi ya sa bai daɗe ba. Ya koma Toronto Blue Jays a ƙarshen 2017, wasa kaɗan ya buga a 2018 suka sallame shi.